Ranar da Injiniya Ya Yi Barci a Gaban Kaka

Kafin ku gama yanke min hukunci, ku bari in ba ku labarin yadda ya faru, don na ga wasunku har sun fara cewa ni ce nake ja wa bawan Allah rai. Wallahi ba ni ba ce. Kaka ne ya tsayar da maganar aurena, kuma shi ne ya jawo duk abin da ya biyo baya.

Ga wanda bai san gidanmu ba, ni ce babba a wajen Umma da Abba. Ina aiki a shagon tabarau, inda ake gwada wa mutane ido a yanka musu gilashi. Ƙanwata Auta tana shekararta ta ƙarshe a makaranta, kuma tuni ta sami wanda ya fito, yana jira in matsa daga kan hanya. Sai Kaka, mahaifin Abba, wanda ya dawo gidanmu da zama bayan rasuwar kakarmu. Unguwa kaf Baba Majigi ake kiransa, domin shi ne mai haska fim a tsohon gidan silimar da yanzu aka mayar wurin ajiye siminti. Ni kuwa tun ina zanen goyo yake ce min amarya, duk wanda ya zo wurina kuma abokin takararsa ne.

Injiniya a shagonmu na same shi. Ya shigo da tabarau a hannu, ƙafarsa ɗaya a karye an ɗaure da zaren waya, ya ce daga saman ƙarfen sabis ya suɓuce masa. Aikinsa ke nan, kula da dogayen ƙarafan nan da ke ba wayoyinmu sabis. A gabana bai yi magana ta kirki ba, ban da na gode. Amma da yamma sai ga saƙo: "Mai tabarau, kin gyara min gilashi amma tun da na fito ke kaɗai nake gani. A ina ake kai ƙorafi?"

Jama'a, mutumin nan ya iya rubutu. Fiye da shekara muna tare, ban taɓa tashi da safe ban tarar da saƙonsa ba. Yakan turo min hoton gari daga can sama, rufin gidaje kamar an zuba ashana, ya rubuta a ƙasa wai ya hango rufinmu ya gaishe shi. In ba ni da lafiya ya fi kowa damuwa. Matsalar ɗaya ce. In ya zo gida muka zauna a falo, sai ya zama wani mutum daban. Wayoyinsa biyu a kan cinya, wannan ta yi ƙara, waccan ta yi haske, ya ce min yi haƙuri, ya fita tsakar gida yana magana da hannu. Ya dawo, mu kalli juna, ya tambaye ni aiki, in ce lafiya. Lemon da na kawo ko rabi ba ya sha. Yana fita, kafin motarsa ta bar layinmu, saƙo zai shigo: "Kin yi kyau yau, bakina ne ya ƙi ba ni haɗin kai." Sai in rungume waya ina murmushi kamar sakarya.

Da manyansa suka aiko suna neman a ba su rana su zo, Umma ta yi kwana biyu tana waƙa a kicin. Abba ya ce sai ya shaida wa Baba tukuna, don a gidanmu ba a tsallake Kaka. Ya shiga ɗakinsa, ya fito yana sosa ƙeya. Wai Baba ya ce a dakata, bai ga yaron ba.

Umma ta ajiye ludayi. Ta ce yaron da ya durƙusa ya gaishe shi ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba? Ta wuce baranda da kanta, ta rusuna, cikin ladabi irin na suruka, ta tuna masa. Kaka yana kan kujerarsa ta katako mai jingina, wadda ya zo da ita daga tsohon gidansa, ƙaramin rediyonsa a kan ciki.

"Na ga tsakar kansa," in ji Kaka. "Kullum a sunkuye yake. Na kuma ga ƙeyarsa yana fita. Fuskar ce ban gani ba. A ce masa ya zo ya zauna."

Daga ranar gidan ya zame min zafi. Umma ba ta iya yi wa Kaka faɗa, saboda haka ni ce nake sha. In na wanke kwano ban wanke da kyau ba, in na yi shara na tayar da ƙura. Tana ninke kaya tana jero min sa'o'ina da suke da 'ya'ya bibbiyu. Ta ce samun mai aikin yi, mai hankali, wanda ba ya shaye-shaye, a wannan zamani sai an tona, ni kuma na samu ina zaune ina kallon tsoho zai kore min shi. Auta kuwa sai dai ta yi ajiyar zuciya mai ƙarfi duk lokacin da na wuce, wadda ta fi zagi ciwo.

Ku fahimce ni, ina son Kaka. In na taso daga aiki, kafin in cire mayafi, wurinsa nake fara tsayawa. Shi kuma ba ya rasa abin cewa game da mu 'yan yanzu. Akwai gidan motsa jiki da aka buɗe a bakin titinmu, mai gilashi tun daga sama har ƙasa. Ranar da aka wuce da shi ta wurin a mota ya ga mutane suna gudu a kan inji ba sa zuwa ko'ina, dariya ya yi har da hawaye. Ya ce mutum ya hau mota ya zo wurin da zai yi tafiyar ƙasa, ya gama ya sake hawa mota ya koma gida. Ya ce da can gajiya ce take neman mutum, yanzu mutum ne yake neman gajiya.

Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne ta'aziyya a waya. Lokacin rasuwar kakarmu, wani ɗan ƙaninsa da ke zaune a gari ɗaya da mu ya turo sitika mai hoton hannu biyu a ɗage. Aka nuna wa Kaka. Ya daɗe yana kallo, sannan ya tambaya ko hannun yaron ne. Aka ce a'a, hoto ne kawai. Ya ce to ko hannun nasa ma bai samu aikowa ba.

Amma kada ku ɗauka irin tsofaffin nan ne masu cewa komai na da ya fi. In wani ya fara yabon zamanin da a gabansa, shi ne zai fara katse shi. Yakan ce kakarmu ta ƙare ƙuruciyarta a bakin rijiya da gindin murhu, da a ce ta sami injin wanki da ta fi haka daɗewa a duniya. Yana son ruwan firji kamar me. Duk ƙarshen mako sai an kira masa gwaggonmu da ke aure a ƙasar waje ta bidiyo, ya sa hularsa mai kyau, ya kafa wayar dab da hancinsa. Abin da ya ce ba ya ganewa shi ne, an ƙera injina sun karɓe wa mutane wahala don su sami lokaci, to ina lokacin ya tafi? Kowa ka taɓa ya ce ba shi da shi. Yakan ce ko dai wani ne yake tarawa a ɓoye.

Na rasa yadda zan gaya wa Injiniya. Na rubuta na goge, na rubuta na goge, daga ƙarshe na ce masa Kaka yana gayyatarsa shan shayi ranar Asabar bayan la'asar. Ya amsa nan take: "Jarrabawa ce?" Na ce kusan haka. Ya ce: "Me zan karanta?" Na ce babu, zama kawai za ka yi. Ya turo fuskar dariya. Bai gaya min cewa a wannan Asabar ɗin shi ne mai jiran kira a wurin aiki ba. Daga baya na sani. Ya ɗauka abin na ɗan lokaci ne, ya gaisa ya tashi.

Ranar, kaya uku na canza. Na fara sa doguwar riga mai ruwan toka, Auta ta ce kamar mai zuwa gaisuwar mara lafiya. Na sa ja mai duwatsu a wuya, Umma ta leƙo ta ce ba biki ake ba. Na ƙare a wata shuɗiya mai ƙananan furanni farare da siririn mayafi fari, na ɗan zizara kwalli, na fesa turare sau ɗaya a wuyan hannu. Umma ta sa an wanke baranda har da sabulu, an kawar da tsofaffin takalma da bokitin da ke tare ɗigon na'urar sanyaya ɗaki, ta fito da kofunan gilashin da ba a taɓa su sai an yi baƙi na musamman. Kaka kuwa ko rigarsa bai canza ba.

Saƙo ya shigo: "Ina bakin ƙofa. Ki yi min addu'a, hawa saman ƙarfe ya fi min wannan sauƙi."

Ya shigo cikin farin yadi mai guga har yana ɗaukar ido, tabarau ɗin da na zaɓar masa a fuska, wayoyi biyu a hannun hagu. Ya cire takalmi ya durƙusa. Kaka ya amsa gaisuwar da fara'a, ya ce maraba da abokin takara, sannan ya nuna wayoyin da bakin sandarsa.

"Baƙo ɗaya na gayyata, na ga kun zo ku uku."

Injiniya ya kalli wayoyin, ya kalli tagar falo inda ya san ina laɓe. Sai ya miƙe ya koma mota ya ajiye su, ya dawo hannu sake kamar wanda ya manta wani abu a gida. Na kai shayi da biskit, na zuba musu, na koma bayan labule na ja kujera. Kada ku ce min laɓe ba kyau, na sani.

Da farko abin tausayi ne. Kaka yana ta kurɓar shayi yana kallon bishiyar da ke tsakar gida. Injiniya yana zaune a bakin kujera, hannunsa sai zuwa aljihu yake yana dawowa. Ya gyara tabarau, ya gyara hula, ya juya kofi. Can Kaka ya tambaye shi aikinsa, ya yi bayani a gajarce. Kaka ya ce ashe kai ne ka raba ni da jikokina, suna gida ɗaya da ni amma sai na yi sallama sau uku kafin su ɗago. Injiniya ya yi 'yar dariya, ya ce a yi masa afuwa.

Daga nan Kaka ya kama labarin silima. Ya ce ɗakin da yake aiki ɗan ƙarami ne a can sama, zafi kamar tanda, da wata 'yar taga da haske ke fita. Ta nan yake leƙen mutane. Mai kanti da ɗan dako a benci ɗaya, malamin makaranta da wanda ya kora daga aji suna miƙa wa juna gyaɗa. In abin dariya ya zo, ɗakin gaba ɗaya yake fashewa a lokaci guda, har yana jin ginin na motsi a ƙarƙashin ƙafarsa. In fim ya tsinke kuwa, duk su juyo su ɗaga kai suna zaginsa da murya ɗaya, shi kuma yana ciki yana haɗawa. Ya ce har zagin nan yake kewa. Ya ce yanzu kowa da silimarsa a tafin hannu, yana dariya shi kaɗai kamar mai taɓin hankali, na kusa da shi bai san me aka yi ba. Sai ya juyo ya dube shi.

"Kai, in ba ka da abin yi, me kake yi?"

Na zaci Injiniya zai ce karatu ko kallon ƙwallo, irin amsar da ake bayarwa. Amma ba haka ya ce ba.

"Baba, ban sani ba. Tun da mahaifinmu ya rasu ina ƙaramar sakandare ban taɓa zama ba abin yi ba. Ni ne babba, ga ƙanne. In na zauna haka sai in ji kamar wani abu yana lalacewa a wani wuri, kuma laifina ne." Ya ɗan murmusa. "Ban iya ba ne kawai."

Ni da nake bayan labule sai da na dafe ƙirji. Fiye da shekara yana rubuta min kalamai masu daɗi, bai taɓa gaya min wannan ba. Na san mahaifinsa ya rasu, na san yana ɗawainiya da ƙannensa, amma ban san haka abin yake zaune a ransa ba.

Kaka bai ce masa sannu ba, bai yi masa wa'azi ba. Ya ce masa kawai ya jingina, kujerar ba ta cizo. Ya ƙara masa shayi da hannunsa, ya ci gaba da labari a hankali, na wani mai gadin silima da ke barci a tsaye, da na ruwan saman da ya taɓa sauka ana tsakiyar kallo mutane suka ƙi tashi. Iska tana kaɗa ganyen bishiya, rediyon maƙwabta na tashi ƙasa-ƙasa. Ina saurare ina jiran in ji dariyar Injiniya, sai na ji shiru ya yi yawa. Na ɗaga labule.

Jama'a, barci yake. Kansa ya karkata gefe, baki a ɗan buɗe, tabarau ya zamo zuwa kan hanci, hular ta faɗo kan kafaɗa. Mai neman aure, a gaban kakan yarinya, ranar da aka kira shi a gan shi.

Umma ta zo wucewa ta hango. Ta kama haɓa, ta yi salati a hankali, ta ce in je in yi tari ko in kifar da faranti ya farka kafin mu gama jin kunya. Na fito da sanɗa, Kaka ya ɗaga min sanda. Ya ce duk wanda ya tashe shi, shi da shi ne. Ya sa na zare masa tabarau don kada ya faɗi, na ɗauke kofin da ke gab da suɓucewa daga hannunsa. A nan na gan shi da kyau a karon farko. Ƙasan idonsa ya yi baƙi, tafin hannunsa duk kanta, akwai tabon ƙuna a wuyan hannu wanda agogo yake rufewa. Na tsaya da tabarau a hannu na kasa tafiya. Ban san ina son sa har haka ba sai a lokacin.

Ba a jima ba Auta ta fito daga ɗaki tana ɗaga waya sama tana juyawa, wai sabis ya ɗauke. Na duba tawa, babu ko layi ɗaya. Ban kawo komai a raina ba, wallahi. Kaɗan-kaɗan muka fara jin hayaniya a waje. Matar maƙwabcinmu ta leƙo tana tambaya ko namu ma ya tafi, ta tsaya suka kama hira da Umma a bakin ƙofa, rabon da su yi haka har na manta. Samarin layin suka fito da ƙwallo. Mai shagon kusurwa ya fito da benci. Kaka yana jin duk wannan yana murmushi, ya ce min amarya, ji unguwa ta farfaɗo.

Sai gab da magariba Injiniya ya farka. Ya zabura, ya kalli sama, ya kalli Kaka, ya fara ba da haƙuri yana laluben hula. Kaka ya ce babu laifi, wanda ya iya barci a gidanka ya yarda da gidan ne. A daidai nan Auta ta wuce tana mita cewa tun ɗazu babu sabis. Na ga fuskarsa ta sauya. Ya tambaye ta tun yaushe. Ko takalmi bai gama sawa ba ya yi waje, na bi shi da tabarau har bakin mota. Yana kunna motar ya karɓi tabarau ɗin, bai dube ni ba.

Abin da ya faru, injin wutar wani babban ƙarfe ne ya tsaya, ya ja wasu da dama suka mutu tare da shi, ɓangaren gari guda ya zauna babu waya. Tun kafin sabis ɗin ya ɗauke gaba ɗaya ake ta nemansa, wayoyi suna mota suna ƙara su kaɗai. Washegari ya turo min layi ɗaya: "An dakatar da ni, za a zauna a kaina." Na kira, bai ɗauka ba. Na rubuta masa har yatsana ya gaji. Daga nan ɗif.

Kwanakin da suka biyo baya ba na son tuna su. Ina gwada wa mutane gilashi ina leƙen waya a ƙarƙashin tebur, har na miƙa wa wata tsohuwa tabarau ɗin wani. Umma, wadda jiya-jiya take cewa samun irinsa sai an tona, ta fara cewa dama ita tun farko ta ga yaron bai da nutsuwa, kuma ba za ta miƙa 'yarta ga wanda ba a san makomar aikinsa ba. Ta fara ambaton ɗan wata ƙawarta mai sayar da kayan gini. Na shiga banɗaki na kunna famfo na yi kukana.

Kaka ma ya canza. Ya daina kunna rediyo, abinci sai ya ɗan taɓa ya ture. Wata yamma na dawo daga aiki na zo wucewa ban tsaya ba, don gaskiya ina jin haushinsa. Ya kira ni. Na zauna a ƙasa kusa da ƙafarsa ina wasa da bakin mayafi.

"Na yi ɓarna ko, amarya?"

Na ce ba laifinsa ba ne, amma muryata ta tona ni. Ya jinjina kai. Ya ce ya kwana yana tunani. Shi in fim ya tsinke masa, mutanen ɗaki guda ne suke zaginsa, yaron nan kuwa gari ne. Ya ce yana ta murna unguwa ta fito hira, bai tuna cewa a cikin garin akwai mai naƙuda da ke neman mota, akwai mai jiran kiran asibiti ba. Ya ce ashe sana'arsu ɗaya da yaron, su zauna a inda ba a ganinsu don wasu su ji daɗi, ba a tuna su sai ranar da abu ya lalace. Shi da ya kamata ya fi kowa ganewa, shi ne ya raba shi da kayan aikinsa.

Sai ya ce in danna masa abin nan da muke magana a ciki ya tafi. Kaka, wanda yake cewa saƙon murya gulma ce da mutum yake yi shi kaɗai. Na danna na riƙe masa. Ya gyara zama, ya gyara hula kamar ana ganinsa, ya yi sallama cikakkiya ya ɗan jira amsa, sai da na yi masa alama ya ci gaba. Ya ce: "Abokin takara, Baba Majigi ne. Tsoho ya yi maka kuskure, ka yafe shi. Kujerarka tana nan. Ka zo da baƙin naka duka biyu, mun saba yanzu."

Na ga alamar an saurara. Amsa ba ta zo ba, ranar da washegarinta.

Jiya da yamma ina ɗaki, ɗaure da zani da tsohuwar rigar barci, kaina ko ɗankwali babu, ina cin biskit a kan gado, Auta ta faɗo ta ce motar Injiniya tana waje. Na duba waya, babu saƙo. Bai taɓa zuwa bai sanar da ni ba. Na zura doguwar rigar da hannuna ya fara kaiwa, baƙa, ko guga babu, na yafa mayafin Auta. Kafin in fito har ya zauna a baranda, shi da Kaka suna magana ƙasa-ƙasa. Ya rame. Wayoyin suna kan tebur a kife.

Kaka ya ce in zo in zauna, yaron yana da maganar da ya ce ba ta waya ba ce. Na zauna a bakin tabarma. Ta gefen ido na ga labulen falo ya motsa, na san Umma ce ta karɓi kujerata.

Injiniya ya cire tabarau ya goge ya mayar. Ya ce an zauna a kansa. Ba za su kore shi ba, saboda bai taɓa yin laifi ba sai wannan, amma sun ba shi zaɓi. Ko ya ajiye aikin da kansa, ko ya karɓi canjin wuri zuwa can bakin iyaka, cikin duwatsu, inda ake kafa sababbin ƙarafa. Shekara biyu aƙalla. Garin ƙarami ne, wuta sai ta janareto, sabis kuma sai an hau tudu, don shi ne ma za a je a kai musu.

"Abin da na iya da ke shi ne rubutu," ya ce, kuma a karon nan idona yake kallo. "Shi ne kuma zan rasa a can. Shi ya sa na yi shiru, ina gwada yadda zai kasance. Ban iya ba. Ajiye aikin ba zai yiwu ba, akwai ƙannena. In kin ce in tafi ki jira ni, zan tafi. In kin ce ba za ki iya jira ba, ba zan ga laifinki ba. Na ukun kuma ina jin nauyin faɗarsa, don babu abin da zan nuna miki a can sai duwatsu da ni."

Kaka ya dogara sanda ya miƙe, gwiwoyinsa suna ƙara. Ya ce shi dai ya ga yaron, ya kuma janye takararsa, saura amarya. Ya nufi ƙofar falo a hankali yana cewa a zo a taya shi neman batirin rediyo, da ƙarfi yadda mai bayan labule za ta ji. Labulen bai motsa ba.

Na tuna shagonmu da matar da ta koya min aiki, na tuna ɗakina da Auta da surutunta, na tuna Kaka da shekarunsa, da abin da shekara biyu za ta iya yi wa tsoho. Duk na tuna.

"A can ma akwai masu ciwon ido ai," na ce. "Mu tafi tare."

Wani abu ya faɗi a falo ya tarwatse, ina jin ɗaya daga cikin kofunan baƙin nan ne. Umma ta yaye labule, fuskarta babu alamar wasa, ta dube ni ta dubi Injiniya.

"Da izinin wa?"

Kafin wani ya amsa, sai ga hon ɗin motar Abba a bakin ƙofa.